Lissafin Gudu da Hasashen Alƙaluma a Gasar Fantasi ta Besbol

A farkon kakar 2006, Chris Shelton na ƙungiyar Detroit Tigers ya buga hom-ron tara, wato bugun da ke tsallake katangar fili, cikin wasanni 13 kacal. Da ya ci gaba da wannan gudu har ƙarshen wasanni 162 na kakar besbol ta Amurka, da ya tara kusan 112, alhali bajintar da Barry Bonds ya kafa a 2001 ba ta wuce 73 ba. A ƙarshen Yuli ƙungiyarsa ta mayar da shi ƙaramar gasa, ya rufe shekarar da hom-ron 16. Irin wannan ne ya sa masu gasar fantasi suke ta janye jiki daga lissafin gudu, suna komawa ga hasashen alƙaluma.

Gasar fantasi ta samu siffarta ta yanzu a 1980, lokacin da Daniel Okrent da abokansa suka tsara dokokinta a wani gidan abinci na New York. Kamar yadda masoya ƙwallon ƙafa suka sani a fantasin Firimiyar Ingila, kowa yana haɗa ƙungiyarsa da 'yan wasa na gaske, makinsa kuma ya dogara da abin da suka yi a fili. Sai dai besbol kusan kullum ake buga shi tsawon wata shida, don haka kowace safiya mai ƙungiya yana da shawarar yankewa: wa zai riƙe, wa zai saki, wa zai musanya.

Dalilin farko na sauyin shi ne raunin lissafin gudu. Yana ɗaukar mako biyu ya shimfiɗa su a kan kaka guda, ba ya tambayar ko sa'a ce ko ƙwarewa. Binciken Russell Carleton ya nuna cewa yawan fitar da mai bugu da jifa uku yana fara zama abin dogaro bayan ya tsaya bugu kamar sau 60, amma matsakaicin bugunsa sai ya haura sau 900, wato fiye da kaka ɗaya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Dalili na biyu, kayan aiki sun wadata. Nate Silver ya fito da tsarin hasashe na PECOTA a 2003. Tsarin Marcel na Tom Tango yana duba shekaru uku na baya, ya fi ba ta kusa nauyi, ya ja sakamakon zuwa matsakaicin gasar, sannan ya yi la'akari da shekarun ɗan wasa. Shafin FanGraphs yana sabunta hasashen Steamer da ZiPS na ragowar kaka. Tun 2015 kuma tsarin Statcast yake auna ƙarfin kowane bugu da kusurwar tashin ƙwallo a filayen ƙungiyoyi 30.

Amfanin a bayyane yake. Mai ƙungiya ya daina sakin gwani saboda Afrilu, farkon kaka, ta yi masa tsami, ya kuma daina sayen ɗan wasa da tsada saboda zafin mako biyu. Amma da kowa ya koma duba alƙaluma iri ɗaya, arahar musanya ta ragu. Fifiko ya koma ga wanda ya riga sanin wa ya ji rauni da wa koci zai ƙara wa lokaci a fili, domin hasashe mai kyau ba ya kawo maki idan ɗan wasa yana zaune a benci.

Akwai kuma asarar da ba a cika faɗa ba. Hasashe ya ginu a kan tarihi, saboda haka yana jinkirin yarda cewa mutum ya canza. José Bautista bai taɓa wuce hom-ron 16 a kaka ba, sai ya gyara salon bugunsa, ya buga 54 a 2010, ya ƙara 43 a 2011. Wanda ya jira alƙaluma su gamsu, wani ya riga shi ɗauka. Haka ma a 2023, da aka faɗaɗa zangunan fili aka taƙaita yadda mai jifa ke tsare mai gudu, satar zango ta tashi daga 2,486 na kakar da ta gabata zuwa 3,503. A shekarar, gudun Afrilu ya fi tsohon tarihi faɗin gaskiya.

Don haka kowanne yana da gurbinsa. Lissafin gudu ya dace da auna ƙungiya gaba ɗaya: nawa ta tara, nawa ya rage ta kamo na gabanta. Hasashe shi ne ma'aunin ɗan wasa ɗaya a kwanakin da suka rage. Idan suka saɓa, a nemi dalilin da ido zai iya gani, kamar sabon salon bugu, ƙarin saurin jifa, warkewa daga rauni ko sauyin doka. In an samu, a bi gudun. In babu, a tsaya kan hasashe.