Tayar okaziyo: a duba shekarunta kafin a biya

Duk mai fita daga Gidan Sori zuwa kasuwar Maraɗi, ko mai bin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta ratsa Gidan Rumji, Agye da Gazawa, ya saba ganin guntayen taya yashe a bakin kwalta. Kowane guntu shaida ne na dukiyar da ta zube, wani lokaci har da rai.

Bayan karya darajar sefa a watan Janairu 1994, kuɗin sabuwar taya ya gagari masu motoci da dama, suka koma ga okaziyo, wato tayoyin da aka ci moriyarsu a Turai. Hausawa kuwa sun ce arha ba ta ado.

Matsalar ita ce taya tana tsufa ko da zanenta bai suɗe ba. Roba takan bushe ta tsattsage, zafin Afrilu da Mayu mai wuce digiri 40 ya haɗu da lodin buhunan gero da gujiya, sai ta fashe ana tsakiyar gudu.

To, ta yaya mai saye zai gane shekarunta? A gefen taya akwai rubutun da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. In lambobin uku ne, an ƙera ta kafin 2000. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara in ta cika biyar, a sauya ta in ta kai goma. A Turai doka ta hana hawa tayar da zurfin zanenta bai kai milimita 1,6 ba.

Sauran aikin na direba ne: ya auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, ya duba kumburi da tsaga, kada ya manta da safaya. In mai faci ya sauya ƙafa, a sake ɗaure notuna bayan kamar kilomita 50.

Ɗan kasuwa mai ba da kaya, da ma'aikaci mai shiga motar haya, kuna da haƙƙin zagaya mota ku duba ƙafafunta kafin a tashi. Tayar da ta gaji kuwa, a bar wa masu yanka takalma.