Ƙaddara da Juyin Duniya: Daga Tashar Landan Zuwa Mai Wurno

Duk wanda ke kai kaya Kurmuk ko Gisan, kan iyakar Habasha, ya san yadda ciniki ke juyawa a dare ɗaya. A rufe hanya, kuɗi ya faɗi, mai riba ya wayi gari da bashi. Sai mu ce rabo ne, ko ƙaddara. Amma shin abu ɗaya ne?

Marubutan Ingila na dā sun daɗe suna wannan tambaya. Babbansu, Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ba baƙon kasuwa ba ne, domin tun 1374 shi ke kula da kwastan na ulu da fatu a tashar jiragen ruwa ta Landan. Shi ya mayar da littafin Boethius zuwa Ingilishin zamaninsa. Boethius babban jami'i ne a Italiya da sarki ya ɗaure, aka kashe shi wajen 524, kuma a kurkuku ya rubuta littafin.

A adabin nasu, sa'a mace ce mai juya wata babbar ƙafar keke: na sama ya faɗo, na ƙasa ya hau, ba ruwanta da cancanta. Mu ma mun ce duniya rawar 'yan mata ce. Sai dai Boethius bai tsaya nan ba. A wurinsa juyin yana ƙarƙashin tsarin Ubangiji, kuma sanin Allah ga abin da zai faru bai ƙwace wa mutum zaɓinsa ba. A ganinmu nan ne maganar ta yi nauyi, don malalaci ba shi da mafaka a cikinta.

Mu dubi tarihinmu. Da Sakkwato ta faɗa hannun Turawa a Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru bai zauna jiran abin da zai zo ba, ya yi hijira gabas. An kashe shi a Burmi cikin Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake yau. 'Ya'yan sarauta suka kama fartanya. Da aka buɗe noman Jazira a 1925, Hausawa na cikin masu tsinkar auduga, wasu kuma suka bazu kudu har Rusairis, suna noma, su da fatauci.

Ƙafar ta sake juyawa a rikicin Yuli 2022, sannan yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya raba jikokin waɗancan masu hijira da gidajensu da rumfunansu.