Abin da jan ɗigon da ke kan hoton ƙwaƙwalwa ke nufi

Hotunan ƙwaƙwalwa masu ɗigon ja da rawaya sun zama ruwan dare a WhatsApp da Facebook, galibi da rubutu a ƙasa wai ga inda waya ko ƙwaya ke lalatawa. Da yawa na ɗaukar su kamar hoton karaya. Alhali launukan sakamakon lissafi ne aka shafa a kan hoton.

Na'urar fMRI ba ta ganin tunani. Canjin iskar oksijin a cikin jini take bi, dabarar da masanin Japan Seiji Ogawa ya bayyana a 1990. Idan wani sashe ya yi aiki, jinin da ke zuwa wurin yakan kai ƙololuwa bayan daƙiƙa 4 zuwa 6. Masu bincike sukan yanka ƙwaƙwalwa gida-gida har dubbai, a kowane gida su auna yadda alamar jinin ta motsa lokacin da aka ba mutum wani aiki. Lambar da ta fito ita ake kira beta.

Manomin masara a Maska ya san wannan lissafi ko bai shiga aji ba. Ya ƙara buhun taki ɗaya, buhu nawa ya ƙaru a rumbu? Wannan ƙarin shi ne beta. To amma idan a shekarar ce ya canja iri, damina kuma ta yi albarka, taki zai yaba ko iri? Haka yake a gwajin ƙwaƙwalwa. Idan ganin hoto da danna maɓalli suka zo tare kullum, lissafin ba ya iya raba su da kyau, sai lambar kowanne ta yi ta rawa, wani lokaci har ta faɗi ƙasa da sifili.

Lamba ƙasa da sifili kuma ba mutuwar sashen ba ce. Alamar ce ta gaza ta lokacin da aka kwatanta da shi, kamar gonar da ta yi kyau amma ba ta kai ta bara ba.

Akwai kuma matsalar dace. Craig Bennett da abokan aikinsa a Amurka sun taɓa saka mataccen kifin salmon a na'urar, suka nuna masa hotunan mutane. Cikin gidaje 8,064 da aka auna, 16 sun nuna kamar kifin na tunani, don kawai ba a yi gyaran da ake yi idan gwaji ya yi yawa ba. Sun gabatar da aikin a 2009, ya kuma samu kyautar barkwanci ta Ig Nobel a 2012.

Hoton MRI da likita kan tura majinyacin Funtua ya yi a Zariya ko Kano, kan farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki, daban yake. Wannan siffar ƙwaƙwalwar yake nunawa, ƙari ko tabo ko inda jini ya toshe, kuma likitan hoto ne ke karanta shi.