Arahar da ke kashe kasuwa



Ni malamin yaƙi da jahilci ne a ƙasar Dakoro. Wata shekara wani babban ɗan kasuwa ya buɗe magaza kusa da garinmu. Ba zan faɗi sunansa ba. Ya kawo sabulu da sukari da ganyen shayi cike da mota, ya karya kuɗinsu. Kowa ya yi murna, har ni. Bayan ƴan watanni ƴan tebur suka fara naɗe kayansu. Ɗaya daga cikinsu ɗalibina ne, ya tafi ci-rani Najeriya, karatunsa ya tsaya. Da damina ta faɗi, sai kuɗin kaya ya hau, ya wuce na da.

Mun yi lissafin abin a allo, ni da ɗalibaina. Ga misali. Babban ɗan kasuwa ya sayi katan ɗin sabulu jika 10, ya sayar jika 9. Kowane katan ya faɗi jika 1. In yana sayar da katan 200 a wata, cikin wata 3 ya yi hasarar jika 600. Shi ɗan tebur, kafin katan ɗinsa ya iso daga Maradi ya tasar masa jika 11, don akwai kuɗin mota. Ba zai iya sayarwa jika 9 ba, sai dai ya ci jarinsa. Ranar da ƙananan suka ƙare, babban ya mai da katan jika 13. Riba jika 3 sau 200, jika 600 ke nan. Wata guda tak ya mai da hasararsa. Abin da ya biyo baya daga aljihunmu yake fitowa.

Wani tsoho a ajin ya ce: "Malam, ashe tsaba aka watsa mana kamar kaji." Aka yi dariya, amma ba mai daɗi ba.

Ku tuna abin da ɗan tebur yake yi mana. Shi ke sayar da sukari na dala biyar. Shi ke ba ka bashi lokacin noma, ya jira kaka. Shi ke bin makiyaya da jaki ko babur har bakin rijiyoyin Tarka. Kuma sau da yawa mai babbar magaza shi ne mai sayen hatsi da wake da kaka. In shi kaɗai ya rage, shi zai yanka kuɗin abin da kake saye, shi zai yanka kuɗin abin da kake sayarwa. Nan ne ciwon yake.

Wannan dabara ba yau aka fara ta ba. A Amurka an yi wani attajiri, Rockefeller, mai kamfanin Standard Oil mai sayar da kananzir na fitila. An zarge shi da karya kuɗi a garin da yake da abokin gasa, ya tsawwala inda ba kowa. A 1890 Amurka ta yi dokar hana mutum ɗaya ya kame kasuwa. A 1911 babbar kotunsu ta raba kamfanin gida 34.

Mu ma nan mun san irinta. Zamanin Nasara manyan kamfanoni irin su CFAO da SCOA ne suka riƙe cinikin gyaɗa da kayan kanti a Maradi. Bayan mulkin kai, a 1962, gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA don sayen gyaɗa, da COPRO-Niger don shigo da kayan masarufi irin su sukari da gishiri. Duka biyun sun daɗe da rushewa, an sakar wa ƴan kasuwa ciniki. To, da aka saki kasuwa sai aka bukaci doka. Nijar ta yi dokar farashi da gasa a 1992, ta yi sabuwar dokar gasa a 2019. Ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashe 8 masu cin sefa, ta yi tata a 2002. Dokar ta hana mai ƙarfi a kasuwa ya yi amfani da ƙarfinsa ya danne saura. Ta kuma hana ƴan kasuwa su haɗa baki su tsai da kuɗin kaya.

Amma a yi hattara, kada mu ɗauki alhakin mutane. Araha ba laifi ba ce. Wanda ya sayo kaya tirela guda dole ya samu sauƙin da mai katan biyu ba ya samu. In ya rage mana, Allah ya saka masa. Haka hatsin da gwamnati ke sayarwa da rahusa daga magazar OPVN lokacin da abinci ya yi wuya, wannan taimako ne. Tambayar ita ce: ƙasa da yadda ya sayo yake sayarwa? Har wata nawa? Da maƙwabtansa suka rufe, ina kuɗin ya nufa?

Gaskiya, tabbatar da wannan yana da wuya. Ba wanda zai buɗe maka takardun cinikinsa. Yamai kuma da nisa. Shi ya sa na ce rubutu ne makaminmu. Maganar baki ana musunta, amma kaye mai kwanan wata da kuɗin kaya na wata shida, shaida ne da za a iya kai wa magajin gari ko ofishin kasuwanci na Maradi.

Ƴan tebur kuma su daina zuwa Maradi ɗai-ɗai. In mutum goma suka haɗa kuɗi suka yi sari tare a mota guda, kuɗin katan zai sauka. Manoma ma, garin da ke da bankin hatsi ba ya sayar da gero duka ranar da aka fi wulaƙanta shi.

A ajinmu mun ware kaye guda. Duk ranar kasuwa mutum biyu ke zagayawa, su rubuta kuɗin tiyar hatsi, da tiyar wake, da kilon sukari, da sabulu. Wanda ya fi kowa kyawun rubutu a ciki wani makiyayi ne da bara ko sunansa bai iya rubutawa ba. Yanzu ya ce a ƙara masa layi na kuɗin akuya da rago.