"Mess Up": Kalmar da Ta Taso Daga Kwanon Abinci

Yau kalma ɗaya na ɗauko mana, wato "mess up".

Ma'anarta ta farko ita ce hargitsa wuri ko ƙazantar da shi. Kin share ɗaki, kin jera kaya, yara sun shigo sun yi kaca-kaca da shi: "the children messed up the room". Ku lura, "messed" ake rubutawa, amma a baki "mest" ake cewa. Ma'ana ta biyu, ɓata aiki. Wanda ya cike fom ɗin JAMB ya sa ranar haihuwa ba daidai ba, shi ma "he messed up".

To amma mu 'yan Kaduna, garin sojoji, inda aka kafa NDA tun 1964, mun saba jin "Officers' Mess". Wai hafsoshi ɗakin hargitsi gare su? Ko kusa. Wurin cin abincinsu ne da hutawa, kuma wannan ma'anar ce ta girmi sauran. Turanci ya aro kalmar daga tsohon Faransanci wajen shekara 700 da suka wuce, tana nufin abincin da aka zuba wa mutum. Daga nan ta koma abincin da aka cakuɗa, sai a ƙarni na 19 ta zama duk wani abu da ya cakuɗe.

Ga inda nake so ku buɗe kunne. A Turancin buroka, in ka ji wani a bas ɗin Kawo zuwa Kasuwa ya toshe hanci yana cewa "who mess?", tambaya yake wa ya yi tusa. Saboda haka ranar da za ka ba oga haƙuri a wurin aiki, kada ka yar da "up" ɗin nan. "I messed up" amsa laifi ne. "I mess" kuwa, ka jawo wa kanka dariyar shekara.

Sannan kalmar ta hira ce. A wasiƙar ofis ko gaban masu intabiyu, "I made a mistake" ta fi dacewa.

In kuna neman wurin gwada ta, ku leƙa kwatar layinku kafin damina. Ledar fiya wata ta cika ta maƙil, kuma ba aljanu suka zuba ba: "we messed up our street".

Sai mun haɗu a shiri na gaba.