Likita Na Zama Ne Inda Ya Saba

Duk lokacin da aka tashi maganar ƙarancin likitoci a karkara, amsar da gwamnatocin jihohinmu suka fi bayarwa ita ce alkawarin gina makarantar koyon likitanci da babban asibitin koyarwa a hedikwatar jiha. Niyyar tana da kyau. Sai dai ɗalibin da ya yi shekara 6 a birni, ya koyi aiki a ƙarƙashin ƙwararru da na'urori, ya yi abokai har ma da aure a can, da wuya takardar tura ma'aikaci ta zaunar da shi a ƙauye. Inda aka horar da likita yana da tasiri a kan inda zai yi aiki, kamar yadda abin da aka koya masa yake da shi.

Wasu jihohin arewa maso yammacin Amurka sun fahimci haka tun a 1971. A lokacin, Alaska da Montana da Idaho ba su da makarantar likitanci, ga faɗin ƙasa, ga ƙarancin jama'a, ga garuruwan da ba su da likita. Maimakon kowace ta gina tata, sai suka haɗa kai da Jami'ar Washington da ke birnin Seattle. Wyoming ta shigo a 1996, tsarin ya zama na jihohi 5, ana kiransa WWAMI. Kowace jiha tana biyan kuɗin guraben 'ya'yanta. Ɗalibi yana fara karatun aji a jami'ar jiharsa, sannan lokacin koyon aiki a rarraba su a asibitoci da ƙananan cibiyoyi a faɗin yankin, inda likitocin garin ke zama malamansu. Wasu sukan yi watanni a gari guda, suna bin mai ciki tun daga awo har haihuwa.

Hikimar a bayyane take. Babban asibitin koyarwa yana karɓar cutar da ta gagara ne, alhali yawancin abin da ke damun jama'armu a ƙananan asibitoci yake: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, tamowa, hawan jini da doguwar naƙuda. Ɗalibin da ya zauna a can zai koyi gane cuta da ido da hannu, ya san dalilin da ke sa maigida jinkirta kai matarsa asibiti. Shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 sun tafi a kan wannan: a ɗauki ɗalibai daga karkara, kuma a kai su koyon aiki a karkara.

Mai karatu, wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Jami'ar Ibadan ta fara shirinta na Ibarapa a garin Igbo-Ora tun 1963. A nan Arewa, asibitin Malumfashi yana cikin asibitocin da Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyarwa da su, tare da na Zariya da Kaduna. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da cibiyarsa a Kumbotso. Haka nan daga 2010 zuwa 2015 jami'o'in Ibadan, Legas, Nsukka, Jos, Zariya da Maiduguri sun yi aiki tare a wani shirin inganta karatun likitanci da Amurka ta ɗauki nauyi. Abin da muka rasa shi ne ɗorewa. Zaman ƙauye yakan taƙaita ga 'yan makonni, shirin da baƙo ya biya kuma yakan raunana idan kuɗinsa ya ƙare.

Jihohi 7 na arewa maso yamma suna iya yin abin da waɗancan 5 suka yi. A zaɓi manyan asibitocin ƙananan hukumomi, a gyara su, a samar da ruwa da lantarki da masaukin ɗalibai mata da maza. A naɗa likitocin da ke wurin malamai na jami'a, a biya su ladan koyarwa. Jami'o'in yankin su amince da manhaja guda da tsarin jarrabawa guda, ta yadda ɗalibin Sakkwato zai iya koyon aiki a Gumel, na Kano a Argungu, tare da amincewar hukumar da ke yi wa likitoci rajista.

Akwai cikas, ba a musu. Rashin tsaro ya hana shiga wasu yankuna, don haka a fara da inda ake zaune lafiya. Ba a kuma tura ɗalibi inda babu ƙwararren da zai sa masa ido, domin talakan ƙauye ba abin gwaji ba ne. Babban cikas shi ne siyasa: gini mai hawa yana da daɗin ƙaddamarwa, yarjejeniya da maƙwabta kuwa ba ta da allon suna. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnonin yankin suna da zauren da suke haɗuwa, kuma ya kamata wannan batu ya shiga ajandar zamansu na gaba, a yanka masa kaso a kasafin kuɗi.