Nama Ga Mai Juna Biyu: A Ci, Amma Sai Ya Dahu

A ranakun awon ciki, mata kan yawaita tambayar ma'aikatan lafiya ko mai ciki za ta iya cin tsire da balangu. Wasu kuma, musamman masu zuwa daga karkara kamar Kutama da sauran garuruwan Gwarzo da Kabo, kan ce an hana su nama a gida don kada ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Wannan camfi ne. Nama abinci ne mai kyau ga mai ciki, sharaɗin kawai shi ne ya dahu sosai.

Me ya sa ake son ta ci?

Jinin mace yana ƙaruwa idan tana da ciki, don haka jikinta yana buƙatar ƙarin sinadarin ƙarfe, wato ayon, mai gina jini. Jiki ya fi saurin ɗaukar wanda ke cikin naman rago, akuya da sa fiye da na ganye. Idan ya yi ƙaranci sai a ga jiri, kasala da haki, kuma zubar jini kaɗan wajen haihuwa na iya zama babban haɗari.

Ina haɗarin yake?

Naman da bai dahu ba yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da likitoci ke kira toksoplazma, wadda ake samu a tumaki da awaki. Sau da yawa uwa ba ta jin komai, amma cutar kan ratsa mahaifa ta jawo ɓari, ko ta taɓa ido da ƙwaƙwalwar jariri. Naman sa kuwa kan kawo tsila. Zafin da ya kai digiri 70 har cikin tsoka yana kashe su. Alamar da uwargida za ta duba ita ce: ta yanka wuri mafi kauri, kada ta ga ja, kuma ruwan da ke fita ya zama garau.

Hanyoyin girki

Farfesu: Shi ya fi dacewa. A zuba haƙarƙarin rago ko na akuya da albasa, tafarnuwa, citta da tumatir, a bar shi a wuta har tsoka ta fara sakin ƙashi. Kada a sa kanwa don ya yi saurin laushi, kuma a rage gishiri da dunƙule, musamman ga mai hawan jini.

Dambun nama: Ana dafa shi, a daka, sannan a soya, saboda haka wuta ta ratsa shi sau biyu. A adana shi a mazubi mai murfi, a riƙa ɗiba da busasshen cokali.

Soyayye: A fara tafasa naman kafin a sa a mai. Idan aka jefa ɗanye a mai mai zafi, bayansa zai yi ja alhali cikinsa bai dahu ba.

Gashi: A yanka shi fale-fale, a gasa a kan garwashi, ba a kan harshen wuta ba, ana juyawa. Maigida, idan ka sayo tsire ko balangu, ka sa mai nama ya mayar da shi wuta a gabanka, ko a sake ɗumama shi a gida har ya yi tururi. Kilishi ma a zaɓi wanda aka gasa da kyau, aka rufe daga ƙura da ƙuda.

Hanta: Tana gina jini, amma bitamin A ya yi mata yawa, kuma yawansa kan cutar da ɗan tayi. A guji yawan cinta, musamman a watanni 3 na farko.

Abin kiyayewa

A sayi nama wurin mahaucin da aka sani. Kada a ci na dabbar da aka yi gaggawar yankawa don rashin lafiya, komai arharsa.

A wanke hannu, wuƙa da faranti da sabulu bayan taɓa ɗanyen nama, kafin a yanka latas ko kabeji.

Kada dafaffen nama ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba firji. A kula da wannan sosai lokacin layya da ranar suna.

A haɗa nama da zogale, alayyafo ko lemo, a jinkirta shayi zuwa kamar awa ɗaya bayan cin abinci, domin yana hana jiki ɗaukar ayon.

Idan nama ya yi tsada, kifi, dafaffen ƙwai da wake suna taimakawa. Sannan nama ba ya maye gurbin ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wajen awo. A sha ta kullum. Wadda ta ga zazzaɓi, amai ko gudawa bayan cin nama, ta je asibiti mafi kusa ba tare da jira ba.

Allah ya raba lafiya.